Saƙar kwarashi: tambayoyin da masu koyo suka fi yi mini

Da zarar hunturu ya kawo jiki, sai 'yan mata da matan aure su fara sallama a gidana, kowacce da ƙullin zarenta a leda, wata tana son hular jariri, wata shawul. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne duk shekara, shi ya sa na tattara su a nan. Sunayen saƙar da za ki gani, su ne waɗanda nake koyarwa da su domin su zauna a kai.

Malama, mene ne bambancin kwarashi da kibiya?

Kibiya biyu ake riƙewa, kuma idanun saƙar duk suna jere a kanta, in ɗaya ya zame sai ya warware har ƙasa. Kwarashi guda ɗaya ne mai ƙugiya a baki, ido ɗaya kawai kike riƙe da shi, don haka gyaran kuskure ya fi sauƙi. Sunan ma daga Faransanci ya samo asali, ma'anarsa ƙaramar ƙugiya. Sana'ar ta bazu a Turai a ƙarni na 19, kuma lokacin yunwar da ta faɗa wa ƙasar Ayaland daga 1845, mata da yawa da leshin kwarashi suka ciyar da gidajensu. Injin saƙar da kike gani a shaguna irin saƙar kibiya yake fitarwa. Ta kwarashi aikin hannu ce, kada ki bari a taya miki ita da arha.

Da wane zare da wane kwarashi zan fara?

Kwarashi mai lamba 4 ko 5, wato kaurinsa milimita 4 ko 5, da zare matsakaici mai hasken launi. Ki guji baƙi da mai gashi-gashi, ba za ki ga inda za ki soka ba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa na roba ne, yana da kyau ga hula da safa, amma abin ɗora tukunya sai na auduga, domin na roba narkewa yake yi.

Saƙa nawa zan iya kafin a ce na iya kwarashi?

Biyar, kuma motsi ɗaya ne ke maimaita kansa a cikinsu: ki naɗo zare a wuyan kwarashi, ki jawo shi ta cikin wanda ke kai.

Sarƙa ita ce harsashi. Ki yi ɗaurin zarge a kan kwarashi, ki naɗo zare, ki jawo ta ciki. Ido ɗaya ke nan. Ki yi ta yi har adadin da kike so, amma wanda ke kan kwarashi ba a ƙirga shi.

Gajera, wadda ake ce wa singil: ki soka cikin ido na 2 daga kwarashi, ki naɗo, ki jawo. Yanzu zare 2 ne a wuyan kwarashi. Ki sake naɗowa ki ratsa su duka. Tana fitowa a cushe, ita ta dace da jaka da takalmin jarirai.

Doguwa, wato dabul: kafin ki soka sai ki fara naɗo zare. Ki soka, ki naɗo, ki jawo, za ki ga zare 3. Ki naɗo ki ratsa 2, ki sake naɗowa ki ratsa 2 da suka rage. Ita ce mai sauri, kuma saƙarta tana da laushi.

Matsakaiciya tana farawa kamar doguwa, sai dai idan kin ga zare 3 ki ratsa su gaba ɗaya. Ta biyar ita ce zarge: ki soka, ki naɗo, ki jawo ta cikin idon da na kan kwarashi a tashi ɗaya. Ba ta da tsawo, aikinta haɗe bakin da'ira.

Na fara shawul da faɗi, yana ta tsukewa. Me ke faruwa?

Idanu kike zubarwa a gefe. Akwai wata yarinya da ta fara da ido 80, ta kawo mini bayan kwana uku tana ta murna. Na shimfiɗa a kan tabarma, sai ga gefe ɗaya ya karkace kamar an yanka da almakashi. Muka ƙirga tare, 71. Ta yi shiru, idonta ya cika da ƙwalla, na kama bakin zaren na miƙa mata ta warware da kanta. Na biyun da ta yi, har yau ina nuna wa masu koyo hotonsa.

Abu biyu ke hana wannan. Na farko, sarƙar juyi: idan kin kai ƙarshen layi, sai ki yi sarƙa daidai tsawon saƙar da za ki hau kafin ki juya, 1 ga gajera, 2 ga matsakaiciya, 3 ga doguwa. A doguwa, yawanci sarƙa ukun nan ana ƙirga su ido ɗaya, saboda haka idan kin dawo dole ki soka a kansu, kuma nan ne akasari ake tsallakewa. Na biyu, ƙirga. Ki saƙala fil ko guntun zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe, ki ƙirga kowane layi ko da ana hira.

Saƙata tana yin tauri, kwarashi ba ya shiga.

Kin matse zare. Ki bar shi yana gudu a tsakanin yatsunki, ki kuma kai kowane ido jikin kwarashi, kada ki ɗaure shi a siririn wuyan. Idan sarƙar farko ce kawai ke matsewa, ki yi ta da kwarashin da ya fi naki lamba ɗaya.

To adon fa? Shi nake ɗokin koya.

Ki kwantar da hankalinki, ado ba wata sabuwar saƙa ba ce. Waɗancan biyar ɗin ne ake tara su wuri ɗaya ko a raba su.

Mafici shi ne wanda na fi so a bakin shawul da gindin rigar yarinya. Ki yi gajera, ki tsallake ido 2, ki zuba doguwa 5 a ido ɗaya, ki tsallake 2, ki sake gajera. Doguwar nan biyar za su baje kamar mafici. Kowanne yana cin ido 6, don haka ki tabbata idanunki suna rabuwa shida-shida da rarar ɗaya, in ba haka ba na ƙarshe zai fito guntu.

Gwafa: doguwa, sarƙa 1, doguwa, duk a ido ɗaya, sai ki tsallake 2. Tana barin ƙofofi, iska na shiga. Curi kuwa, ki naɗo ki soka ki jawo zaren da ɗan tsawo, sau 3 ko 4 a ido ɗaya, sannan ki ratsa duka. Yana tasowa gwanin sha'awa, amma yana cin zare. Tsini kuma sarƙa 3 ne da zarge a cikin ta farko, ana jera shi a baki.

Yaya ake fara hula?

Daga tsakiyar kai. Sarƙa 4, ki haɗe da zarge, ki zuba doguwa 12 a cikin ramin. Zagaye na biyu 24, na uku 36, na huɗu 48, wato ƙarin 12 kowane zagaye. Idan faɗin ya ishe ki sai ki daina ƙari, gefen zai sauko da kansa. In da'irar ta yi tattara, ƙarin ya yi yawa. In ta dunƙule kamar ƙoƙo tun ba ki so ba, ya yi kaɗan.

Na bi bidiyo biyu a YouTube, dukkansu sun ce dabul, amma abin ya bambanta.

Ba laifinki ba ne. Abin da 'yan Amurka ke kira singil, shi 'yan Ingila ke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma tirebul ne a Ingila. Idan kin ji ana ambaton singil, tsarin Amurka ne. In ba haka ba, ki kalli hannun mai yin: ta naɗo zare kafin ta soka, ko ba ta naɗo ba?

Na gama. In yanke zaren kawai?

A'a, 'yar'uwa, wanki ɗaya zai warware miki aikin sati. Ki bar wutsiya kamar santimita 15, ki jawo ta cikin idon ƙarshe, ki zura a babbar allura, ki bi da ita ta bayan saƙar gaba, sannan ki dawo baya. Kayan jarirai kuma kada ki sa musu duwatsun ado ko doguwar igiya a wuya, komai nasu baki yake zuwa. Ki wanke da hannu, ki matse a cikin tawul, ki shimfiɗa a inuwa, domin in kin rataya a igiya nauyin ruwa zai ja shi ya yi tsawo.