Kwamfutar gem tana ƙara, tana zafi: tambayoyin 'yan gem na Katsina

Daga ɗalibin Jami'ar Umaru Musa Yar'adua mai laftof ɗin HP Omen zuwa mai shagon gem a Ƙofar Ƙaura, da bazara ta kama kukan ɗaya ne: fanka ta ishe mu da ƙara, kwamfuta ta yi zafi jau, gem kuma yana tafiya yana tsayawa. Ga abin da aka fi tambaya.

Da na buɗe gem sai fanka ta hau ihu. Ta lalace ke nan?

Ba lallai ba. Laftof ɗin gem yana iya shan wuta fiye da wat 150 idan ana buga abu mai nauyi irin su Call of Duty, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. 'Yar fankar da ke ciki ba ta da yadda za ta yi sai ta ƙara gudu, har ta haura juyi 4,000 a minti ɗaya. Kasa kunne ga irin ƙarar. In huci ne na iska kawai, aikinta take yi. In kana jin karr-karr ko gurnani, to ko dai gindin da fankar ke juyawa a kai ya ci, ko wata waya tana taɓa fikafikanta. Akwai kuma siririn fito da wasu katunan hoto (sashen da ke zana hoton gem a allo) ke yi idan aiki ya yi yawa. Yana da ban haushi amma ba ya ɓata komai. Wanda ba a wasa da shi shi ne ƙas-ƙas daga tsohon hadis mai faifai, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta. In ka ji shi, kwashe fayilolinka tun yau.

Zafi nawa ne ya yi yawa?

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Sauke manhajar HWiNFO ko MSI Afterburner, kyauta ne, ka duba lambar zafin yayin da gem ke tafiya. Yawancin firosesocin Intel (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) iyakarsu wajen digiri 100 ne a ma'aunin Celsius, yawancin Ryzen 7000 na AMD na kwamfutar tebur kuwa 95. Katunan hoto na Nvidia da yawa suna fara rage gudu a wajen 83. Kafin ta ƙone, kwamfutar za ta sassauta da kanta, shi ya sa kake tsakiyar wasa a EA Sports FC sai hoto ya soma tsalle. In abin ya wuce nan, ta kashe kanta. Laftof ya kai 85 ko 90 cikin gem ba abin tashin hankali ba ne. In ba ka buɗe komai ba kuma tana kan 70, akwai magana.

Na ga irin tawa sak a YouTube tana nuna 75, tawa kuma 90. An cuce ni ne?

Mai yiwuwa babu wanda ya cuce ka. Wancan mutumin yana zaune ne a ɗaki mai digiri ashirin da wani abu a Turai ko Amurka. Kai kana Katsina cikin Afrilu, gari ya kai 40, kwanon rufi yana ta zubo da nasa. Fanka iskar ɗaki take jawowa, ba ta iya sanyaya komai ƙasa da zafin iskar da ta samu. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi ne firosesa zai ƙara. Saboda haka wasan ƙarfe biyu na rana da na bayan isha'i ba ɗaya ba ne, ko da kwamfutar ba ta da ciwon komai.

To ƙura fa, har tana da tasiri haka?

A ƙasarmu ita ce uwar matsalar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko'ina, ko an rufe tagogi. Sanyin lokacin yana rufa wa ɓarnar asiri, sai Maris ya zo ta fito fili. Bayan fanka akwai jerin siraran ƙarafa da iska ke ratsawa ta kwashe zafi. Buɗe laftof ɗin da ya yi hunturu biyu ba a taɓa shi ba, za ka tarar ƙura da zaren tufafi sun dunƙule a bakin ƙarafan nan kamar audugar katifa, har kana iya ɗago ta ɗungurungum da ɗan tsinke. Fanka tana ta gudu, iska ba ta da hanyar fita.

Ga yadda ake yi: kashe ta, zare caja, kwance murfin ƙasa, cire wayar batir. Riƙe fankar da yatsa kafin ka hura iska, domin in ta juya fiye da ƙa'ida gindinta na iya lalacewa. Hura daga ciki zuwa waje, ka bi fikafikan da busasshen burushi mai laushi. Kada ka hura da baki, yawu na bi. Kuma ka kiyayi injin iskar masu faci, yakan fito da ruwa da ɗan mai, ƙarfinsa ma ya yi yawa. A ganina sau biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci a nan, ɗaya daga ciki da hunturu ya wuce. Mai kwamfutar tebur ya ɗauke akwatin daga ƙasa ya ɗora a kan tebur, ya bar tazara tsakaninsa da bango.

Na share tas, zafin bai sauka ba.

Saura man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke tsotse zafi. Da shekaru yakan bushe ya tsattsage, musamman a kwamfutocin na hannu da ake shigo da su, waɗanda ba ka san shekara nawa suka yi suna aiki ba. A goge tsohon da sifirit na gyaran lantarki, a sa sabo kamar ƙwayar wake ƙarama, a ɗaure sukurori daidai wa daida. Man goge baki ko girisin babur ba sa maye gurbinsa. Wasu laftof na Asus ROG da ruwan ƙarfe suke zuwa maimakon man, shi kuwa wutar lantarki tana bi ta cikinsa; in ya zuba a allon ciki, shi ke nan. Irin wannan sai gwani.

Faranti mai fanka da ake ɗora laftof a kai yana aiki? Wani ma ya ce in sa ta a firji.

Farantin yana ɗan taimakawa, amma rabin amfaninsa ɗaga kwamfutar ne, abin da littattafai biyu a ƙarƙashin bayanta za su yi maka. Babban laifin shi ne ɗora ta a katifa, filo ko kafet, inda ƙofofin iskar ƙasa ke toshewa. Firji kuwa a'a. Da ka fito da ita raɓa za ta taru a ciki, ka jawo wa kanka abin da ya fi zafi tsada.

Akwai gyaran da ba sai an kwance ba?

Akwai, kuma mutane suna raina shi. In allonka hoto 60 yake nunawa a daƙiƙa, barin gem yana fitar da 150 wahalar banza ce. Kafa masa iyaka a saitin gem. Rage inuwa da ƙyale-ƙyalen haske. Sannan buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna manhajojin da ke aiki, ka ga me ke cin ƙarfi idan ba ka yin komai. Gem ɗin sata da ake turawa a filasha wani lokaci yakan zo da ɓoyayyiyar manhajar haƙar kirifto (kuɗin intanet), tana yi wa wani aiki da wutarka.

Yaushe zan kai wa mai gyara?

In fanka ɗaya ta daina juyawa, in kana jin ƙauri, ko kwamfutar tana mutuwa minti kaɗan da kunnawa bayan an share ta. Haka in wurin linzami ya ɗago ko murfin ƙasa ya fara buɗewa: batir ne ya kumbura, kada a danna shi, kada a huda, a daina caji har sai an canza. Tafi da cajarka ma a duba, domin ƙaramar caja a babban laftof ita kanta tana yin zafi tana rage masa gudu. Ka ce: "Malam, a nuna mini lambar zafin kafin gyara da bayan gyara." Ka tsaya a buɗe gem a gabanka kafin ka biya.