Waiwaye: Yadda Ƙofar Karatun Nas a Kwalejojin Al'umma na Amurka Ta Ƙuntata

Duk wanda ke da ɗan'uwa a Amurka, musamman a unguwar Bronx ta birnin Niyok inda 'yan Zangon Ghana da 'yan Nijar suke da yawa, zai iya yiwuwa ya taɓa jin wannan maganar a waya: "Na gama duk darussan share fage, amma bana ma sunana bai fito ba." Ana nufin gurbin karatun nas a kwalejin al'umma, wato irin kwalejin gwamnati mai shekara biyu da ke kusa da gida kuma mai sauƙin kuɗi. Shiga kwalejin kanta ba wuya, kusan kowa ana ɗaukarsa. Sashen jinya ne ke da ƙofa ta daban, kuma a bakinta mutane ke yin shekaru suna jira. Abin da ke damuna shi ne, an ƙirƙiro wannan karatu ne tun farko domin irin mutanen da a yau suke tsaye a waje.

Kafin shekarun 1950, yawancin nas-nas na Amurka a makarantun asibitoci suke koyon aiki. Shekara uku ɗaliba za ta yi tana kwana a ɗakunan kwanan asibiti, tana gyara gado, tana wanke majinyata, tana tsayuwar dare, asibitin kuma na morar gumin nata a araha. Makarantu da yawa ba sa ɗaukar matar aure, maza kuwa sai ɗaiɗaiku. Yaƙin Duniya na Biyu ya fallasa raunin tsarin. A 1943 gwamnati ta kafa rundunar ɗaliban jinya, ta biya musu kuɗin makaranta, ta rage tsawon horon zuwa wata 30, aka yaye fiye da 120,000. Da yaƙi ya ƙare, da yawa suka yi aure suka bar aiki, asibitoci kuma sai ƙaruwa suke yi.

A nan ne wata malamar jinya mai suna Mildred Montag ta shigo. A kundin digirinta na uku a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolambiya, wanda aka buga a 1951, ta ce a fitar da horon nas daga hannun asibiti a kai shi kwalejin shekara biyu, ɗaliba ta zama ɗaliba, ba 'yar ƙwadago ba. A 1952 aka fara gwajin, wanda ya haɗa kwalejoji bakwai da makarantar asibiti guda, cikinsu har da kwalejin gundumar Orange a garin Middletown na jihar Niyok. Waɗanda suka shigo sun ba mutane mamaki: matan aure, iyaye mata, maza, masu manyan shekaru, da waɗanda ba su da halin barin garinsu. Suka zauna jarrabawar lasisi, suka ci kamar takwarorinsu. Daga 1958 Gidauniyar Kellogg ta zuba kuɗi a jihohi huɗu, Kalifoniya da Fulorida da Niyok da Teksas, sannan dokar horon nas ta 1964 ta ƙara kuɗin tarayya. Cikin ƙanƙanin lokaci kwalejojin suka karɓe filin, makarantun asibiti suka yi ta rufewa.

To me ya kawo cunkoso? Ba a koyon jinya a allo kawai. Dole ɗalibi ya shiga ɗakin majinyata, kuma hukumomin jinya na jihohi sun ƙayyade adadin ɗaliban da malami ɗaya zai kula da su a asibiti, sau da yawa goma ko ƙasa da haka. Malamin nan kuwa galibi sai mai digiri na biyu, kuma idan ya zauna a asibiti zai fi samun albashi a kan koyarwa. Asibitin da zai karɓi ɗalibai shi ma yana da iyaka, ga jami'o'i da makarantun kuɗi suna rububin wuraren. Saboda haka kwalejin da ke da dubban ɗalibai za ka tarar sashen jinyarta kujeru 'yan gommai ne a kowane zango. Ko a ɓangaren jami'o'i, ƙungiyar makarantun jinya ta Amurka ta ce a 2021 an mayar da takardun neman shiga fiye da 90,000 da suka cika sharuɗɗa, saboda ƙarancin malamai da wuraren horo.

Jihar Kalifoniya ce ta fi nuna yadda aka yi ta fama da rabon waɗannan kujeru. A 1988 ƙungiyar MALDEF, mai kare haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Meziko, ta kai ƙara kan yadda ake amfani da jarrabawar tantancewa wajen toshe wa 'ya'yan tsiraru hanya a kwalejojin al'umma. Aka sasanta a 1991, aka kuma kafa ƙa'idar cewa duk sharaɗin da kwaleji za ta gindaya sai ta nuna da bincike cewa yana da alaƙa da nasarar ɗalibi. Binciken yana cin kuɗi da lokaci, don haka sassan jinya da yawa suka zaɓi hanya mafi sauƙi: duk wanda ya cika mafi ƙarancin sharaɗi a jefa sunansa a ƙuri'a, ko a sa shi a layin jira. Niyyar mai kyau ce, ba na shakka. Amma ka yi tunanin yarinyar da ta kwana da littafi ta fito da sakamako mafi kyau a ajinta, ƙuri'a ta tsallake ta shekara biyu a jere, ta faɗa kan wanda da ƙyar ya haye. Aka kuma gano kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ɗauka ba sa kammalawa. Kujerar da aka bari a tsakiyar shekara ba a iya cike ta, ta tafi ke nan. Wannan ya zo daidai da lokacin da dokar jihar da ta ƙayyade yawan majinyata ga kowace nas ta fara aiki a 2004, buƙata ta ƙara tashi.

A 2002 wani bincike da aka yi wa ofishin shugaban kwalejojin jihar ya ware abubuwa huɗu da ke nuna wanda zai iya gamawa: matsakaicin makinsa gaba ɗaya, makinsa a Turanci, makinsa a darussan halitta uku (sassan jiki, aikin gaɓoɓi, da ƙananan ƙwayoyin cuta), da kuma sau nawa ya maimaita su. A 2007 doka mai lamba AB 1559 ta ba kwalejoji damar zaɓe ta hanyar tara maki. Ana duba sakamakon darussa, da shaidar karatu da mutum ke da ita, da aikin da ya taɓa yi a fannin lafiya, da jin wani harshe ban da Turanci kamar Sifananci ko Larabci, da yanayin rayuwa: talauci, naƙasa, gudun hijira, ko kasancewa na farko a gidansu da ya taka kwaleji. Akwai kuma jarrabawar TEAS ta karatu da lissafi da kimiyya da Turanci, wadda kashi 62 ne makin hayewa a kwalejojin jihar, ko da yake mai son gogayya sai ya wuce nan nesa. Wasu kwalejojin har yau suna gauraya hanyoyin biyu, maki ya tace, ƙuri'a ta raba.

A ganina tsarin maki ya fi ƙuri'a adalci, domin aƙalla mutum ya san inda zai sa ƙarfinsa. Sai dai shi ma yana da wanda yake cuta. Ɗauki matar da ke aikin kula da tsofaffi da dare, ta fito da asuba ta kai yara makaranta, ta wuce ɗakin gwaji da kayan aiki a jikinta, tana haddar sunayen ƙasusuwa a cikin bas. Zango guda yaro ya kwanta ciwo, ta faɗi darasin sassan jiki. Ta maimaita ta ci da kyau, amma maimaitawar ta rage mata maki. Ta jira shekara, ta sake jira, sai a ce mata darasin da ta fara yi ya tsufa, domin kwalejoji da dama ba sa karɓar sakamakon kimiyya da ya wuce shekara biyar ko bakwai. Irin wannan matar ce gwajin Montag ya fara buɗe wa ƙofa. Da yawa daga cikinsu sukan gaji su koma makarantun kuɗi, su fito da lasisi iri ɗaya da bashin da ya ninka kuɗin kwaleji sau da yawa.

Ko ta samu shiga ta ci jarrabawar lasisi ta NCLEX, wadda ita ce dai masu digirin jami'a ke zaunawa, da sauran tafiya. Tun 1965 ƙungiyar nas-nas ta Amurka take cewa digirin shekara huɗu ne ya kamata ya zama matakin farko. Jihar Dakota ta Arewa ta tilasta hakan a 1987, ta janye a 2003. Jihar Niyok kuma ta sa hannu kan doka a Disamban 2017 cewa sabuwar nas mai takardar shekara biyu dole ta kammala digiri cikin shekara goma da samun lasisi, in ba haka ba ba za a sabunta mata rajistar aiki ba.