Gudummawa a zangon Kumasi

Gudummawa ita ce taimakon da mutanen zango, wato unguwannin baƙi a biranen Ghana, ke yi wa juna da kuɗi, abinci, masauki ko ƙarfin jiki, musamman lokacin suna, aure, rashin lafiya da rasuwa. A unguwannin Kumasi irin su Aboabo, Asawase, Alabar da Sabon Zango, ana kallonta kamar bashi mai daɗi: ba a tambayarsa, amma ba a mantawa da shi.

Asalin zangon na cikin fataucin goro. A da, fatake daga ƙasar Hausa sun fi tsayawa a Salaga, wani gari a arewacin Ghana ta yau. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa su, sannan shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896 ta buɗe musu birnin. Baƙo ya iso ba gona, ba dangi, ƙasa kuma ta Asante ce. Sai maigida ya zame masa komai: ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Maigida na samun la'ada, amma babbar ribarsa suna ne. Mosawa, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba da Yarabawa duk sun zauna a kan wannan tsari, kowace ƙabila da sarkinta, Hausa kuma ta zama harshen kowa.

Mata ne suka fi riƙe lissafin. Ran suna ko aure, ƙawaye kan ɗinka yayi iri ɗaya, su kwana a bakin murhu, kowace ta kawo abin da ya sawwaƙa, kuɗi ko turmin atamfa ko kwanuka. Akan sa wata ta rubuta sunaye a littafi, domin ranar da hidima ta faɗo gidan mai bayarwa, a mayar mata, galibi da ƙari. Wannan ƙarin shi ne ran al'adar, don shi ke hana zumunci yankewa. Yana da nauyi kuwa. Akwai matan da ke taɓa jarinsu don kada a ce sun gaza, abin da malamai ke yawan jan kunne a kai. Mai karɓa kan ce "Allah ya bar zumunci", a amsa mata da "ai yi wa kai ne".

Akwai adashi, inda ake zubi a kwashe bi da bi, da kuma susu, inda mai karɓa ke zagaya 'yan kasuwa kullum, kamar na babbar kasuwar Kejetia a Kumasi, ƙarshen wata ya mayar da kuɗin ya riƙe zubin kwana ɗaya ladansa. Zakka da sadaka daban suke, ba a jiran a mayar da su.

Al'adar ta sha babban gwaji a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana. Gidaje sun rabu, wasu suka sayar da dukiya da arha, wasu suka bar ta amana hannun maƙwabta.

Tun da kamfanin waya na MTN ya kawo MoMo, wato aika kuɗi ta wayar hannu, a 2009, gudummawa ta koma bin waya. Ɗan zango da ke Jamus ko Amurka kan ji rasuwa a WhatsApp, kuɗinsa ya iso kafin sadakar uku.