Tallafa wa Matasa da Iyalansu a Bauchi Lokacin Kullen Korona

Tallafin lokacin kulle shi ne taimakon abinci, kuɗi, karatu da kula da lafiya da ƙungiyoyin agaji, masallatai, majami'u da masu hannu da shuni suka riƙa kai wa yara da matasa masu rauni da iyayensu a Jihar Bauchi a shekarar 2020, sa'ad da aka taƙaita zirga-zirga saboda cutar korona.

An tabbatar da ɓullar cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. Bauchi na cikin jihohin Arewa da ta fara shiga, domin ranar 24 ga Maris aka sanar cewa Gwamna Bala Mohammed ya kamu, ya kuma warke a watan Afrilu. An rufe makarantu tun cikin Maris, aka hana shiga da fita tsakanin jihohi, aka kuma dakatar da sana'ar acaɓa. A watan Mayu aka kulle ƙananan hukumomin Katagum, Giade da Zaki na kwana 10. Kullen ƙananan hukumomin nan ya faɗo ne daidai da azumi, wanda aka fara ranar 24 ga Afrilu.

Waɗanda abin ya fi shafa

Gidan da ke da albashi ya ji jiki, amma gidan da sai an fita ake ci shi ne ya shiga uku. Ɗan acaɓa, ɗan dako a kasuwar Muda Lawal ko Wunti, yaron kanti, mai wankin mota, yarinya mai tallan ƙosai da uwarta ke soyawa a cikin gida: kowannensu abin da ya samo da rana shi ake ɗorawa a wuta da dare. Da yawa daga cikin samarin nan su ne ke riƙe da uwa bazawara da ƙanne. Ga kuma fargabar da iyaye suka daɗe da ita a garin, cewa yaron da ba makaranta ba sana'a yana iya faɗawa shaye-shaye ko ya bi 'yan sara-suka.

Almajirai sun fi kowa shan wuya. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka amince a mayar da su jihohinsu na asali, aka riƙa kwasarsu a motoci daga Kano, Kaduna, Bauchi, Gombe da sauran wurare. An samu wasu ɗauke da cutar bayan isarsu, aka killace su. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas da ya daɗe rabonsa da gida ba ya iya faɗin sunan ƙauyensu daidai, kuma ba kowane gida ne ke da halin karɓarsa ba, tunda sau da yawa rashi na cikin abin da ya sa aka tura shi. Nemo iyaye da sada su da 'ya'yansu na daga aikin da ya fi cin lokaci, kuma asusun UNICEF, mai ofishin shiyya a garin Bauchi, ya taimaka wa hukumomin jihohi a kansa.

Yadda taimakon ya gudana

Mafi yawansa tsabar abinci ne: shinkafa, masara, gero, taliya, man girki, sai sabulu da takunkumin da telolin gari suka ɗinka. Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wadda aka kafa a Maris 2020 da jagorancin Babban Bankin Najeriya da attajirai irin su Aliko Dangote, ta aika kaya jihohi, gwamnatin tarayya kuma ta biya wasu gidajen da ke cikin rajistar talakawa naira 20,000, wato kuɗin wata huɗu a haɗe. Jihar na da hukumar kula da marayu da yara masu rauni, BASOVCA, akwai kuma ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da suka daɗe suna shiga gidaje.

Rabon da ya fi isa hannun mabuƙata shi ne wanda ya bi ta masu unguwanni, limamai da matan da suka san gidan da aka kwana ba a hura wuta ba. Mai kunya ba ya shiga layi, sai an bi shi gida bayan magariba. Zakka, ciyarwar azumi da kayan sallar marayu, waɗanda al'umma ta saba da su tun kafin annobar, sun toshe ɓaraka mai yawa. Inda aka tara jama'a a fili kuwa, ƙarfafa ne suka fi samu, turereniyar ma ta rushe tazarar da ake cewa a bayar.

An gwada koyar da ɗalibai ta rediyo, wanda ya fi intanet isa ƙauyuka. 'Yan ajin ƙarshe sun koma a watan Agusta domin jarrabawar WAEC, sauran kuma sai wajen Oktoba. A tsawon watannin nan wasu yara maza sun kama sana'a ba su dawo aji ba, wasu 'yan mata kuma an aurar da su kafin a buɗe makarantu.