Daga ɓarawon bindiga zuwa ɓarawon biro, har aka koma sauraro

Duk wanda ya yi makarantar kwana a shekarun 1970 zuwa 1980 kuma yana ɗan taɓa karatun turanci zai tuna littattafan James Hadley Chase, waɗanda ake arowa hannu zuwa hannu har bangon ya yage. Satar da ke ciki irin ta da ce, a haɗa gungu a fasa banki ko a tare motar kuɗi, ƙarshe wajen raba ganima a kaure da faɗa. Abin dariyar ma shi ɗan Ingila ne amma yawancin labaran a Amurka yake kafa su, da taswira da ƙamus yake lalube.

To a cikin shekarun 1970 ɗin ne salon ya juya, ɓarawo ya ajiye bindiga ya sa kwat ya ɗau biro, kuma waɗanda suka kawo juyin mutane ne da wutar ta ƙona da kansu. Paul Erdman Ba'amurke ne mai shugabantar wani banki a birnin Basel na Suwizalan, bankin ya durƙushe a 1970 sanadin cacar da aka yi da kuɗinsa a kasuwar koko, aka tsare shi, a tsaren nan ya fara rubuta The Billion Dollar Sure Thing wanda ya fito a 1973. Shi kuwa Jeffrey Archer ɗan majalisa ne a Ingila, ya zuba kuɗinsa a wani kamfanin Kanada ashe damfara ce, bashi ya yi masa katutu har ya bar kujerar, sai a 1976 ya fitar da labarin wasu mutum huɗu da aka cuta da hannun jarin man fetur na bogi suka yi taron dangi don ƙwato dala miliyan ɗaya, ba ƙari ba ragi. Zuwa 1991 John Grisham ya zo da The Firm, labarin lauyoyi masu wanke wa gungun miyagun nan 'yan Mafiya kuɗin haram ta tsibiran Cayman, daga nan kam kasuwa ta buɗe.

Irin waɗannan labaran yanzu har sauraronsu ake yi, sai dai shi littafin sauraro, wato wanda wani ya karanta aka naɗi muryarsa, asalinsa ba don ƙwalisa aka yi shi ba, don makafi ne. A Ingila an fara a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa ido a yaƙin duniya na ɗaya, a kan faifan garmaho, kowane gefe kamar minti 25, kuma cikin na farkon da aka naɗa har da wani labarin kisa na Agatha Christie. Da kaset ya zo, ga Walkman, 'yar rakodar da ake yawo da ita, a 1979, ga masu doguwar tafiya a mota, sai ya zama na kowa. Sai dai a zamanin kaset sau da yawa gutsure littafin ake yi ya shiga kaset biyu, ni kuwa a ganina wannan ba ƙaramar cuta ba ce ga labarin satar kuɗi, don daɗinsa duk a bin sawun kuɗin yake, daga wannan asusu zuwa wancan, in ka yanke nan me ya rage? Intanet ce ta raba gardamar, Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro ta intanet, ya fara a 1995, Amazon ta saye shi a 2008, yanzu awa goma sha wani abu za ka ji littafi cif ba a cire komai ba.

Amma fa lissafi a kunne wuya gare shi, a takarda kana iya komawa baya ka duba waye ya tura wa wa, a sauraro in mai karatu bai iya raba muryoyi ba tuni ka ɓata, shi ya sa wasu ke duba sunan mai karantawa kafin su saya.

A nan gida Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da littafin labarin 'yan 419 a 2009. Masu karanta mana littattafan Hausa a rediyo da YouTube kuwa har gobe soyayya da rikicin kishiya suka fi yawa a bakinsu, ina nan dai ina jiran na akawun da ya cusa sunayen bogi a takardar albashi.