Nafkin ɗin jarirai na wankewa

Nafkin, wanda wasu ke kira ƙunzugun jarirai, ƙyalle ne mai shan ruwa da ake ɗaura wa jariri don ya tare fitsari da kashi, sannan a wanke shi a sake amfani da shi. Da wannan ya bambanta da pampas, wanda ake yarwa bayan ɗauri ɗaya. Shi pampas sunan ya samo asali ne daga Pampers, wanda kamfanin Procter & Gamble ya fitar a Amurka a 1961. Kafin zuwansa galibi ƙyalle ake amfani da shi, kuma har yanzu gidaje da yawa na riƙe da shi saboda sau ɗaya ake sayensa, ya raini yaro, wani lokaci har ƙaninsa ya gada.

Ire-irensa

Wanda aka fi sani shi ne farin nafkin na auduga mai saƙar tawul, mai kusurwa huɗu, yawanci santimita 60 a kowane gefe. Ana ninke shi, a kama da fil mai makulli, a ɗora wandon roba a kai. Shi ne mafi araha kuma mafi saurin bushewa, domin idan aka baje shi a igiya falle ɗaya ne.

Akwai kuma na zamani da aka ɗinka da siffar wando, da maɓallai masu ɓas-ɓas da ake ƙara girma ko ragewa. Wani yana da aljihu da ake cusa ƙyallen tsotse ruwa a ciki, wani kuma an ɗinke komai a haɗe. Na haɗen ya fi sauƙin sawa amma ya fi jinkirin bushewa, abin da ke zama matsala da damina. Idan ƙyallen cikin na microfibre ne, wato yadin zaren roba mai tsotse ruwa sosai, kada ya taɓa fatar jariri kai tsaye, domin yana busar da ita. A cikin aljihu ake sa shi.

Wandon roba na leda zalla yana riƙe zafi da gumi, kuma a lokacin bazara yana saurin jawo ƙuraje. Wanda aka yi da yadi mai shafen roba ta ciki ya fi barin iska ta ratsa.

Yawan da ake buƙata

Sabon jariri yana buƙatar canji sau 10 zuwa 12 a yini, daga baya ya ragu zuwa 6 ko 8. Mai wanki kullum za ta iya da nafkin 15 zuwa 18. Mai wanki bayan kwana biyu tana buƙatar kamar 24, da wandon roba 4 zuwa 6. Sabon nafkin na auduga ba ya shan ruwa sosai sai an wanke shi sau uku ko fiye, don haka a wanke tun kafin haihuwa.

Ɗauri

A ninke nafkin ya zama mai kusurwa uku, a kwantar da jariri a kai, dogon gefen yana daidai ƙugunsa. A ɗago kusurwar ƙasa ta tsakanin cinyoyi, a jawo na gefe biyu su haɗu a kanta. Wajen soka fil, mai ɗauri ta sa yatsunta tsakanin ƙyallen da cikin jariri, ta soka a kwance, ba tsininsa yana kallon ƙasa ko sama ba. Namiji a ƙara masa kauri ta gaba, mace kuma ta tsakiya.

Ɗauri ya yi daidai idan yatsu biyu suka shige a ƙugu. Kafin cibiya ta faɗi, a naɗe bakin nafkin ya tsaya ƙasa da ita don ta bushe. Yawancin yoyo daga wuri ɗaya yake zuwa: bakin ƙyalle ya leƙo waje da wandon roba, sai fitsari ya bi shi zuwa riga da zanen goyo. A duba cinyoyi da baya, a tura duk abin da ya leƙo ciki.

Wanki

Nan ne amfanin nafkin ko cutarwarsa yake. Kashin jaririn da ke shan nono zalla yana narkewa a ruwa, ɗauraya ta isa. Da ya fara cin abinci, sai a kakkaɓe kashin a masai tukuna. A ɗauraye da ruwan sanyi da farko, domin ruwan zafi yana kama tabon kashi ya zauna. Daga nan a wanke da sabulu da ruwa mai zafi, kimanin digiri 60 ga mai injin wanki. Farin nafkin na auduga yana jure tafasawa, amma wandon roba da na zamani mai roba a jiki zafi yana lalata su.

Ɗauraya ta ƙarshe ita ake yi wa ganganci. Sabulun da ya maƙale a zare yana cin fatar jariri, yana kuma hana ƙyallen shan ruwa, saboda haka a yi ta ɗauraya har kumfa ta ƙare. Ruwan tausasa tufafi mai ƙamshi shi ma yana toshe zaren, kada a zuba. Idan za a sa bilic, a fara ɗauraye fitsarin tas, domin haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da numfashi. Nafkin mai datti kada ya wuce kwana biyu ba a wanke ba. Bokitin jiƙo kuwa a rufe shi a ɗaga sama, domin yaro mai rarrafe yana iya faɗawa da ka ya nutse a ruwa kaɗan.

A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba. A yankuna masu laima na Afirka ta Yamma akwai ƙudan tumbu, wanda ke yin ƙwai a yashi da tufafin da fitsari ya taɓa; tsutsarsa tana shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan. A goge nafkin na auduga ciki da waje, amma ban da mai roba. Da hunturu nafkin yakan bushe ya yi tauri, murza shi da hannu yana tausasa shi.

Ƙuraje

Nafkin ba ya janye danshi daga fata kamar pampas, don haka a duba shi duk bayan awa biyu zuwa uku, a canza nan take idan kashi ne. Idan fitsari ya daɗe da kashi, ƙwayoyin cuta suna mayar da shi sinadarin amoniya mai wari da ƙuna, fata ta yi ja ta saɓule. A wanke wurin da ruwa, mace daga gaba zuwa baya, a tsane ba tare da gogewa ba, a bar jariri ya sha iska na ɗan lokaci, sannan a shafa basilin ko man da ke da zinc oxide. Man shafawa mai kauri yana toshe zaren nafkin, sai a shimfiɗa siririn ƙyalle tsakanin fata da nafkin. Hoda ba ta da amfani a nan, kuma jariri yana iya shaƙar ta.

Idan jan ya yi tsanani, ya shiga matsematsin cinya da ɗige-ɗige a kewaye, sau da yawa ƙwayar cutar naman gwari (fungus) ce, basilin ba zai warkar da shi ba. Irin wannan, da wanda ya wuce kwana uku bai lafa ba, da mai ruwa ko mugunya ko zazzaɓi, asibiti ake kai shi. Haka nan jaririn da ya wuce kwana biyar da haihuwa amma bai jiƙa nafkin shida a yini ba, a kai shi a duba ko yana samun isasshen nono.