Waiwaye: yadda aka koma toshe jijiya daga ciki don tsayar da jinin kansar wuya

Duk wanda ya taɓa jinyar mai kansar maƙogwaro ko ta harshe da ta yi nisa ya san abin da ake tsoro, jini ne. Ƙarin ya ci naman wuya, gashin da aka yi ta yi masa da hasken na'ura don ƙona kansar ya raunana bangon jijiya, yau ka ga ɗan ja a bandeji ko a yawu, jibi kuma ya ɓalle gaba ɗaya. Shi ya sa nas-nas ke ajiye tawul mai duhu kusa da gadon, don kada dangi su ga ja a kan fari su ruɗe.

A da dabara ɗaya ce, a tsaga wuya a ɗaure karotid, babbar jijiyar da ke kai jini sama. Likitan tiyata Astley Cooper ya ɗaure ta a Landan a 1805 saboda kumburin jijiya, matar da ya yi wa aikin ta rasu, sai a 1808 ya dace da wani. To amma wuyan da ya sha gashi ba ya karɓar ɗinki, ga shi jijiyar nan ita ke ciyar da ƙwaƙwalwa, ka ɗaure jini ya tsaya mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki, in ma ya farka kenan.

A 1904 wani likitan tiyata a New York, Robert Dawbarn, ya riƙa ɗura narkakken kaki haɗe da basilin cikin rassan jijiyar, wai ya kashe ƙarin da yunwa. Kansar ba ta mutu ba, amma ni a ganina nan aka fara. Sai 1953 wani likita mai suna Seldinger a Suwidin ya nuna yadda ake zura siririn bututu cikin jijiya da allura da waya kawai, ba yanka, a 1975 kuma wani likita Gianturco ya kawo 'yan naɗaɗɗun wayoyi masu kama da sifirin da ake toshe jijiya da su.

Yanzu ta gindin cinya ake shiga, ana kallo a allo har bututun ya kai reshen da ke yoyo, a cusa masa ƙwayoyin roba ko Gelfoam, wani soso mai narkewa a jiki, ko wayar. In babbar ce ta fashe wani lokaci sai a sa mata sitent, wato ɗan bututun raga mai rufi, daga ciki. Likita zai gaya maka tun farko ba warkewa ba ce, jinin kan dawo a sake toshewa, amma da yawa sun samu an sallame su sun yi sauran makonninsu a gida.